Wa zai biya mai ƙirga ɗigon masara?

Attajiranmu suna kyauta, wannan ba abin musu ba ne. Masallatai, rijiyoyin burtsatse, buhunan shinkafa da azumi, har da manyan ɗakunan lacca a jami'o'i da sunan mai ginin ɓaro-ɓaro a saman ƙofa. Allah Ya saka da alheri. Wanda ban cika jin labarinsa ba shi ne mai kuɗin da zai kira malamin kimiyya ya ce masa: ga kuɗin shekara bakwai, je ka bi tambayar da ke hana ka barci, ko ta haifar da abin sayarwa ko ba ta haifar ba.

Binciken tushe ke nan, wanda ba magani ko na'ura aka nufa da shi kai tsaye ba, illa a fahimci yadda halitta take aiki.

Kun san masarar nan mai dabbare-dabbare, wadda za ka ga ƙwaya fara da ɗigon ja a jikinta? Barbara McClintock a Amurka ta ƙare rayuwarta a kanta. Da hannunta take shuka, ta rufe kan masarar da goyonta da jakunkunan takarda don kada iska ta gauraya iri, in ta girbe ta zauna tana duba ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta gano cewa wasu ƙwayoyin gado ba a kafe suke wuri guda ba, suna tashi su sauya mazauni. Da ta gabatar da wannan a 1951, yawancin abokan aikinta ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Amma cibiyar da attajirin ƙarafa Andrew Carnegie ya kafa a 1902 da dala miliyan 10 ta ci gaba da biyanta albashi, ba wanda ya tsare ta da "ina sakamako?" Sai a 1983 aka ba ta kyautar Nobel. Da a wata ma'aikata take, da tuni an rubuto mata takardar tuhuma.

Kuma kada wani ya ce abin can ne, bai shafe mu ba. A 1925 gidauniyar Rockefeller ta buɗe ɗakin binciken cutar shawara a Yaba, Legas. A 1927 aka ɗebi jinin wani mara lafiya mai suna Asibi a ƙasar da yau ake kira Ghana, aka ware ƙwayar cutar daga ciki. Aikin ya ci rayuka: Adrian Stokes ya mutu a Legas a shekarar, Hideyo Noguchi ɗan Japan ya mutu a Akara a 1928, dukansu cutar da suke bincike ce ta kashe su. Max Theiler, wani mai bincike na gidauniyar, ya yi ta renon ƙwayar Asibi a ɗakin gwaji har ta yi laushi, a 1937 aka samu rigakafin da ake wa 'ya'yanmu har gobe. Katin nan ruwan ɗorawa da matafiyi ke nunawa a filin jirgi, asalinsa ke nan. Shekara 10 tsakanin ɗiban jini da allura. Wane ɗan siyasa ne zai jira haka alhali zaɓe na tafe?

To amma ba na cikin masu cewa a sakar wa masu kuɗi ragamar kimiyya. Attajiri ba zaɓensa aka yi ba, abin da ya burge shi shi zai bai wa kuɗi, gobe ya sauya ra'ayi ɗakin gwaji ya rufe. Ita kanta Rockefeller ɗin ta tallafa wa cibiyoyin Jamus da suka yi binciken "gyaran irin ɗan Adam", aikin da ya zama abin kunya a zamanin Hitila. Sannan kuɗinsu bai kama ƙafar na hukuma ba: hukumar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka kaɗai tana kashe sama da dala biliyan 40 a shekara. Saboda haka gwamnatocinmu da suka amince a Tarayyar Afirka za su riƙa ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don bincike, wannan bashi yana nan a wuyansu.

Abin da kuɗin mai kyauta ya fi na gwamnati da shi haƙuri ne, in an tsara shi yadda ya kamata. Henry Wellcome ya rasu a 1936, ya bar kamfaninsa na magunguna a hannun amintattu, ribar ta riƙa tafiya bincike. Wannan gidauniya ce ta ɗauki nauyin cibiyar Sanger a Ingila, wadda ta karanta kusan kashi ɗaya cikin uku na taswirar gadon ɗan Adam da aka kammala a 2003, aka kuma saki bayanan kyauta ga kowa. Mu da muka san wakafi, muka haddace hadisin da ya lissafa ilimin da ake amfana da shi cikin abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa, ai ba baƙon tsari ba ne a wurinmu.

Ni da zan samu kunnen wani alhaji, ba gini zan roƙa ba. Gine-gine muna da su, wasu ma na'urorin cikinsu ƙura ta lulluɓe saboda babu wuta, babu sinadarai. Cewa zan yi ya zuba dukiya a wakafi, ya ɗauki masu bincike goma daga Zariya, Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, a biya su shekara bakwai-bakwai kamar yadda cibiyar binciken lafiya ta Howard Hughes a Amurka ke yi wa nata. Kwamitin masana ne zai zaɓe su, ba shi ko yaransa ba, kuma duk abin da aka gano a wallafa shi a fili.