"Ka rage ci" ba ta rage wa kowa ƙiba

Jama'a ni fa abin da ke ɗaure min kai shi ne yadda kowa ke zama likita da ya ga mai ƙiba. Ka rage ci, ka riƙa motsa jiki, sai ka ce bai taɓa ji ba. Wallahi ya sani, ya ma fi ka sani, tunda shi ke haki in ya hau bene.

Wasu masana a Amurka, Prochaska da DiClemente, sun yi nazari kan masu daina shan sigari a farkon shekarun 1980, suka ce sauya hali hawa-hawa ne. Akwai wanda abin bai ma zo masa a rai ba, akwai mai tunani yana jan ƙafa, sai mai shiri, sai wanda ya fara, sannan wanda ya haura wata shida bai saki ba. An soki tsarin dai, don mutane ba sa bin matakan a jere, amma ni na ga hikimarsa. Ka samu wanda ke matakin farko ka miƙa masa jadawalin abinci, to me kake tsammani? Zai ce na gode, ya ninke takardar ya cusa a aljihu shi ke nan. Gara ka tambaye shi me ke damunsa, gwiwa ce ko suga ko rashin barci, ka bar shi ya faɗa da bakinsa.

Sannan muna kafa wa mutane buri mai karya gwiwa, wai kilo 30 a wata uku. Albert Bandura, wani masanin halayyar ɗan Adam, tun 1977 ya ce wanda bai yarda zai iya ba da wuya ya ɗore, kuma yardar nan daga ƙananan nasarori take tsirowa. Wani babban gwaji a Amurka da aka fitar a 2002, masu dab da kamuwa da ciwon suga aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako, kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58. Mai kilo 100 kilo 7 kacal fa.

Inda aka fi zaluntar su shi ne in nauyin ya dawo, sai a ce ragwanci ne. Alhali da mutum ya rame sinadarin yunwa a jikinsa ƙaruwa yake, na ƙoshi ya ragu, ga lemon kwalba nan a firij kullum da dare, kuma mutanen gidan da ke masa wa'azi su ne ke sayo shi.