Ƙannena marubuta waƙa, me ya sa gyara yake muku ciwo?

Ranar Lahadi a zaman marubuta da muke yi duk ƙarshen wata, wani ƙanenmu ya karanta waƙarsa ƙwar biyar, wato mai ɗango (layi) biyar a kowane baiti, a kan tsadar rayuwa. Murya ga daɗi, jigo ba laifi. Da ya gama, wani dattijo da ya tsufa yana koyar da Hausa a sakandare ya ce masa, "Yarona, baiti na huɗu ya karye, ɗango na uku ya fi 'yan uwansa gaɓa. Sake rerawa ka ji." Yaron nan bai sake ba. Ya naɗe takardarsa, ya haɗe rai, kafin a shafa addu'ar tashi ya fice. Da daddare sai ga shi a Facebook wai tsofaffi sun cika hassada, ba sa son yaro ya taso.

Hassadar me, don Allah? Mutumin da ya haifi kamarka, ya biya kuɗin adaidaita daga aljihunsa ya zo ya saurare ka, shi zai yi maka hassada a kan baiti ashirin? Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne, abin ya zama ruwan dare. A ce maka amsa-amonka, wato sautin da kake rufe baiti da shi, ya kauce, ka fara da "na" ka koma "wa", sai ka ce salo ne. A ce kari, wato ma'aunin waƙar, ya gudu, sai ka ce kai waƙar zamani kake yi, aruli, ilimin auna waƙa, na mutanen da ne. A ce kalmar nan ba haka Bahaushe yake faɗinta ba, ka murɗe ta ne don ta shiga ɗango, sai ka fita daga zauren WhatsApp ɗin gaba ɗaya. To wa zai gaya maka gaskiya? Masu danna maka alamar so ko waƙar ba su karanta ba, hotonka suka gani.

Ku dubi waɗanda muke tinƙaho da su. Malam Sa'adu Zungur ya yi karatun addini a gidansu a Bauci, ya je har Kwalejin Yaba a Legas, ya koyar a Zariya, amma duk da haka bai ƙulle kansa a ɗaki ba. Ya zauna a zauren tattaunawa na Bauci tare da su Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ana musu, ana kawo hujja, ana ƙaryata juna ido da ido, gobe kuma a dawo. Ya rasu a 1958 bai yi nisa da shekara arba'in ba, har yau ana nazarin waƙoƙinsa a jami'a. Alhaji Aƙilu Aliyu, mutumin Jega, ya yi shekaru a Barno yana karantarwa kafin ya zauna a Kano, ya kuma jagoranci ƙungiyar Hausa Fasaha. Alhaji Mudi Sipikin ya riƙe ƙungiyar Hikima a Kano, inda malami da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu suke haɗuwa a kan waƙa. Me ya tara su? Ai don wani kunne ya ji abin da naka ya kasa ji. Aliyu Namangi ma da ba ya gani, da kunne ya auna baitocinsa, kuma sun zauna daram. Kai da ido biyu da waya a hannu ka ƙi a ƙirga maka gaɓa.

Wani abin takaicin ma, wanda ya ƙi gyaran malami shi ne za ka gani a ƙofar ɗan siyasa, an ce masa sauya baitin nan, saka sunan uwargida, cire sunan wane, yana rusunawa yana "an gama, ranka ya daɗe". Nan gyara bai yi ciwo ba, saboda akwai ambulan. Ban ma taɓo masu kwashe baitin wani su goge sunansa ba, ko masu rubuta "kasa" ba mu san ƙasa suke nufi ko kasawa ba.

Ƙannena, ku sassauta. Ku nemi na gaba da ku, ku rera masa, ku yi shiru ya gama magana. Wanda bai ji bari ba, zai ji hoho, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

A da, almajirin waƙa kan kai rubutunsa zauren malami ya durƙusa, a ja masa layi a ƙarƙashin ɗango, ya koma gida ya kwana yana juya kalma ɗaya. Waƙa takan yi watanni a cikin gafaka kafin ta fita. Yanzu a rubuta bayan la'asar, a sake ta kafin magariba, a sa "Sha'iri" a gaban suna kafin isha'i. Dattawan da suka san bambancin karin Kamil da na Mutadarak da kunne kawai suna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, 'yan kaɗan da suka rage kuma sun fara yin shiru a wurin zama, don sun gaji da zagin yaran da suka yi jika da su.