Kafin Wa'azi, Abinci da Barci

'Yan'uwa cikin Kristi, salamar Ubangiji ta kasance da ku. Maganar nan ta wanda aka yi wa rasuwa ce, ko aka ƙone wa gida, ko aiki ya suɓuce masa, musamman a makonnin da masu gaisuwa suka watse, aka naɗe tabarmi, aka mayar da bencinan coci, gida ya yi tsit.

A buɗe 1 Sarakuna 19. Iliya, wanda ya roƙa wuta ta sauko a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu daga Yezebel, ya bar baransa a Biyer-sheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna gindin itace yana roƙon Allah ya ɗauki ransa. Ubangiji bai tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da ruwa. Ya ci ya koma kwance, aka sake tashinsa ya ci. Maganar aiki kuwa sai bayan kwana 40, a Horeb.

A nan muke yawan yin kuskure. Mace ta binne mijinta, kwana huɗu ba ta sa komai a baki ba, sai a ce ta shiga azumi da addu'ar dare. Jikin da ya rasa barci da abinci, tunaninsa ƙara duhu yake yi. A fara da abinci sau uku, ko da kofin kunu ne da ƙosai biyu, a sha ruwa, a tsayar da lokacin kwanciya, a ajiye waya awa ɗaya kafin nan. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya yar da maganinsa da sunan bangaskiya.

Kuma a bar mutum ya yi kuka. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Iliya ma ya maimaita ƙorafi ɗaya sau biyu a gaban Allah, aka saurare shi. In addu'a ta ƙi fitowa, a karanta Zabura 13 da murya kowace safiya. Aya shida ce kawai, da kuka ta fara.

Masu ziyara, abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna shiru. Sun ɓata ne da suka fara laluben zunubinsa. Zumuntar Mata da matasa su raba ranaku, mutum biyu duk mako har wata uku, a je da itacen girki ko a raka yara makaranta.

Wannan kuma kada a yi wasa da shi: in an wuce mako biyu babu barci, babu ci, babu wanka, ko mutum yana cewa gara ya mutu, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin. A kwashe fiya-fiya da maganin feshi daga ɗaki, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware. Fasto ya yi addu'a, likita ya yi nasa aikin.

Iliya ya ɗauka shi kaɗai ya rage, Allah ya ce akwai 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma ba shi Elisha. Don haka a jinkirta manyan shawarwari, kamar sayar da gona ko sabon aure, har hankali ya dawo. A kama ƙaramin aiki guda mai rana da lokaci: sharar coci ran Asabar, ajin yara ran Lahadi, ko zuwa gaida wata gwauruwa da nata rashin ya fi sabunta.