Mai jinya ma tana da haƙƙi a kanmu

Na saurari saƙon muryar nan da yake yawo a zaurenmu na WhatsApp tun ranar Lahadi a kan 'yar'uwarmu mai jinyar mahaifiyarta, na kuma karanta martanin da ya biyo baya, kuma hukuncina shi ne an zalunci baiwar Allah nan. Mace ta shekara huɗu tana jinyar mahaifiyarta da ta samu shanyewar ɓarin jiki, ita ce wanka, ita ce kai ta bayi, ita ce tashi cikin dare ta juya ta don kada gyambon kwanciya ya kama ta, amma ranar da ta buɗe baki a taron suna ta ce ta nemi ƙaramar hukuma ta turo mai karɓarta na 'yan awanni a mako, sai wani dattijo ya ce wai tana so Turawa su biya ta don ta kula da uwar da ta haife ta. Wanda ya faɗi haka bai taɓa kwana ko sau ɗaya a ɗakin Hajiya ba, haka ma yawancin waɗanda suka mara masa baya.

Abin da ta nema haƙƙinta ne, kuma babu ƙwayar abin kunya a cikinsa. A nan Ingila dokar kula da manya ta 2014 ta wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta zauna da mai jinya, ta auna halin da yake ciki shi kansa, ta tambaye shi ko yana samun barci, ko lafiyarsa ta taɓu, ko yana son komawa aiki ko karatu, kuma ba a duba dukiyarsa kafin a yi masa wannan zaman. Daga nan ne ake iya samun mai zuwa gida ya zauna da marar lafiya, ko wurin da za a kai shi ya yi yini, ko kwanaki kaɗan na hutu. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kusan miliyan 5 a Ingila da Wales suna jinyar wani nasu ba tare da albashi ba. Don irinsu aka yi dokar, kuma 'yar'uwarmu tana cikinsu.

Masu cewa kuɗi take nema, don Allah su yi lissafi. Alawus ɗin masu jinya da ake kira Carer's Allowance ya kama fam 83.30 a mako a 2025, kuma sai mutum yana jinya aƙalla awa 35 a mako kafin ya cancanta. Wato kowace awa ba ta kai fam biyu da rabi ba, a shekarar da mafi ƙarancin albashin babban ma'aikaci yake fam 12.21 a awa. Sannan akwai iyaka a kan abin da za ka samu daga wani aikin, wadda take fam 151 a mako kafin a ɗaga ta zuwa fam 196 a watan Afrilun 2025, kuma duk wanda ya haura ta ko da fam ɗaya ya rasa kuɗin makon gaba ɗaya. Wannan tsari ne ya jefa dubban masu jinya cikin bashi, har gwamnati ta kafa binciken musamman a kansa a 2024. Babu macen da za ta ajiye aikinta ta rungumi wankin kashi da fitsari saboda kwaɗayin wannan ɗan abin. Ita dai ta ce a ba ta awanni ta yi barci, ta ga likita, ta halarci taron iyaye a makarantar 'ya'yanta.

An ce ladanta yana wurin Allah. Tabbas yana can, kuma muna roƙon Allah Ya ninka mata. Amma ban san inda aka ce karɓar taimako yana rage lada ba, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa sahabin da ya matsa wa kansa da ibada cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. An ce kuma ba al'adarmu ba ce baƙo ya shiga ɗakin tsohuwa. Wannan ma bai tsaya da ƙafafunsa ba, domin a gidajenmu na zamanin da, jinya ba ta taɓa zama a wuyan mutum ɗaya ba. Akwai kishiyoyi, akwai matan 'yan'uwa, akwai jikoki da maƙwabta, wannan ta dama kunu, waccan ta yi wanki, wata ta karɓi dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu muka baro wancan gidan muka shigo ƙasar da kowa yake kulle a ɗakinsa yana bin agogon aiki, sannan muke so mace ɗaya ta yi aikin mata biyar, ta kuma yi shiru. Duk wanda bai yarda baƙo ya shigo ba, to ya rubuta sunansa a jadawali ya karɓi daren Juma'a.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne illar da maganar za ta yi wa waɗanda ba su yi magana ba. Na san aƙalla mata biyu a cikinmu da suke cikin irin wannan hali, kuma yanzu ba za su kuskura su kira ƙaramar hukuma ba, ba za su gaya wa likitan unguwa cewa su masu jinya ne ba, alhali hakan kaɗai yana ba su damar allurar rigakafin mura kyauta. Mai aiki a cikinsu wataƙila ba ta san cewa tun Afrilun 2024 doka ta ba ta hutun mako guda a shekara don jinya ba, ko da yake ba a biyan sa. Wanda takardar zamansa ta hana shi karɓar kuɗin gwamnati ya nemi shawarar masana kafin ya cika takardar alawus, amma wannan gargaɗi ne na doka, ba shi da alaƙa da kunya.

Ina rubuta wannan ne hankalina yana kan ƙanwata a gida. Lokacin da mahaifinmu ya kwanta a asibiti, ita ce ta yi mako bakwai a kan tabarma a bakin ɗakin marasa lafiya, tana sayo magani da ruwan ƙari, tana kai jini ɗakin gwaji, mu kuma muna turo kuɗi muna kira muna tambayar jikin Baba. A duk tsawon makonnin nan ban tuna na tambaye ta ko ta ci abinci ba. Jiya da dare na kira ta na nemi gafararta.