Ba bes muke nema ba, jita muke son ji

Yanzu a Sakkwato idan ka shiga shagon 'yan waya ka ce iyafis mai igiya kake nema, kuma mai kyau, kallon bakauye ake maka. Zaga ka gani da idonka, daga shagunan bakin titi har teburan cikin babbar kasuwa kaya iri daya ne a jere, fararen 'yan akwatina masu kama da AirPods wadanda mai sayarwa ya san ba AirPods ba ne, mai saye ma ya sani, amma duk an yi shiru ana ta ciniki. Kana tsayawa yaron shago zai balle kwali ya hada da wayarsa ya kure murya ya miko maka yana cewa "yallabai wanga shina da bes, sa ka ji", kuma wakar da zai sa maka kullum irin mai dum dum din nan ce da ko a rediyon mota mai fasasshiyar lasifika za ta yi dadi. Shi ke nan an gama gwaji. Bes, wato sautin nan mai kauri na kasa, ya zama ma'aunin komai, idan kunnenka ya girgiza to kaya ya yi, idan bai girgiza ba a ajiye a dauko wani.

Wannan abu yana bata min rai matuka, domin ni da ire-irena masu sauraren kidan hebi metal, wato kidan nan mai nauyi na jita mai lantarki da ganguna, mu ne muka fi cutuwa da shi. Mu 'yan kadan ne a garin nan, ban musa ba, yawanci dalibai ne a jami'ar Danfodiyo da kwalejoji sai wasu samari da suka fara da kidan jitar Abzinawa da ke shigo mana daga Agadas ta Konni da Illela a memori, daga nan kunne ya saba da kukan jita mai lantarki har suka zarce. Ba masu kudi ba ne, wanda ke lissafin kudin kabu-kabu zuwa Dundaye, inda jami'ar take, da na data ba shi ne zai sayi hedifon na dubban daruruwa ba, kudinsa kadan ne kuma sau daya zai kashe su, shi ya sa idan aka danna masa jabu da sunan bes an zalunce shi sau biyu, an ci kudinsa kuma an hana shi jin kidan da ya saya domin ya ji.

Masu cewa ai metal hayaniya ce kawai kowane iyafis ma ya isa, wadannan ba su taba zama sun saurara ba, ba zan bata lokaci a kansu ba.

Nauyin wannan kida daga jita yake fitowa tun asalinsa. A Birmingham ta Ingila aka haife shi, garin masana'antu, a karshen shekarun 1960, kuma kungiyar Black Sabbath da ta fitar da faifanta na farko a 1970 ita ake dangantawa da kafa shi. Mai kada musu jita Tony Iommi injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana saurayi, daga baya ya sassauta daurin tsirkiyar jitarsa domin yatsun su samu sauki, sai sautin ya kara kauri da duhu, wannan kaurin ne mutane suka bi har yau. To jita ba a can kasa take zaune inda bes ke gurnani ba. Tsirkiyarta mafi kauri a daurin da aka saba tana kadawa sau 82 a sakan daya, wato 82Hz, ta jitar bes kuma wajen 41, amma kartar nan da cizon nan da ke sa gashin jikinka ya tashi suna sama can, tsakanin 1,000 zuwa 5,000Hz, wurin da muryar mawaki ma take fitowa sarai, kuma wurin da kunnen dan Adam ya fi ji da kyau. Iyafis din da aka kumbura wa kasa don ya burge mai saye cikin sakan goma, wannan tsakiyar yake dannewa, domin sauti mai kauri idan ya yi yawa rufe na kusa da shi yake yi. Mu da muka tashi da kidan dambe da na fada bai kamata a yi mana dogon bayani ba, a ce ana kida an bar babbar ganga ita kadai tana dukan kirji, ba ka jin abin da kalangu ke fada ba ka jin 'yan amshi, wa zai ce ya ji kida? Haka metal yake zama a cikin wadannan fararen akwatinan.

Sannan ga sauri. Mai ganga a wannan kida da kafa biyu yake taka gangar kasa, a wasu wakokin yana wuce bugu 10 a sakan daya, kowane bugu ya kamata ya fito ya dauke kafin na bayansa ya shigo. 'Yar lasifikar da ke cikin jabun iyafis ba ta iya tsayawa da wuri, bugu daya bai gama mutuwa ba wani ya hau kansa, sai ka ji abu ya koma ruri guda daya kamar ba mutum ke bugawa ba, jita biyu da ya kamata ka ji daya a kunnen dama daya a hagu sun cakude a tsakiyar kai, faya-fayan karfen da ake doka daga sama sun zama shiii kawai. Yaro ya saurari wannan wata shida ya dauka haka wakar take, ranar da ka sa masa abu mai kyau a kunne sai ka ga ya zaro ido ya dawo da wakar baya, yana tambaya dama akwai wata jita a nan wurin? Akwai ta tun ranar da aka dauki wakar, kayan da aka sayar masa ne ya boye ta.

Kuma lissafin a fili yake ba sai an je makaranta ba. Kudin da ka bayar a kan bulutut mai araha an raba shi gida-gida, batir a kunnen dama, batir a na hagu, batir a akwatin, da na'urar da ke kamo sakon, da makirfo, da 'yar fitilar da ke kiftawa, da kwali mai sheki, da ribar mutum uku ko hudu kafin ya iso Sakkwato, to me ya rage wa lasifikar da ita ce ke fitar da sautin? Mai igiya kuwa kusan duk kudin a lasifika da igiya suka tafi. Wannan shi ne dalilin da ya sa a kudi daya mai igiya yake doke bulutut, ba tsohon yayi ba ne ba kuma rowa ba ce. Kar ma a zo maganar zafin garin nan, watan Maris zuwa Mayu muna wuce digiri 40 ba sau daya ba, batirin litiyom kuwa zafi ne babban makiyinsa, abu a aljihu kana bisa babur cikin rana tsaka, bayan 'yan watanni sai kunne daya ya fara mutuwa kafin dayan, daga nan akwatin ya daina rike caji, kuma ba a canza batirin, sai dai a jefar a sake saye. A garin da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, mutum yana biyan kudin cajin waya a shago, an kara masa wani abin caji na biyu kuma an ce masa ci gaba ne.

Na san daga ina abin ya taso. Kamfanin Apple ya cire ramin iyafis a iPhone 7 a 2016 ya fito da AirPods a karshen shekarar, manyan kamfanoni suka bi sahu a wayoyinsu masu tsada, daga nan farin abu a kunne ya zama alamar cewa kai ma ka iso. Amma mu ina ruwanmu? Yawancin kananan Tecno da Infinix da itel da ke hannun mutane a nan har yanzu suna da ramin nan na 3.5mm, yana nan a kasan wayar kura ta cika shi ba a taba sa masa komai ba, mai wayar ya je ya sayi kwafin abin da aka kera domin wayar da ba ta da rami. Kwaikwayo ne tsagwaronsa, ado ake saye ba sauti ba, kuma 'yan kasuwa sun gane haka shi ya sa suka daina wahalar da kansu wajen kawo wani abu daban, masu igiyar da suka rage a shaguna su ne na rataye a leda wadanda ba sa kai sati biyu, sai a nuna maka su a ce ka ga ai mai igiya ba ya karko. To ina za a ga karko tunda mafi lalacewa aka zabo aka kawo?

Alhali kayan kirki masu araha suna nan a duniya, ba boyayyu ba ne. Akwai kananan iyafis na cusawa a kunne da kamfanonin Chana irin su Moondrop da 7Hz da KZ ke yi, wasunsu a wajen dala 20 suke, na Moondrop da 7Hz an san su da barin tsakiya ta fito ba tare da an kumbura kasa ba, na KZ da yawa suna da kaifin sama da yawan bes don haka sai an saurara kafin a dauka. Da yawa cikin irin wadannan igiyarsu cirewa ake yi, idan ta tsinke ka sayi igiya kadai ka mayar, wannan kadai ya amsa wa masu cewa igiya tsinkewa take. Akwai Koss Porta Pro da ake kerawa tun 1984 har yau ba a daina ba, mara nauyi, soso ne a kunne ba fata ba, jita tana fita a cikinsa da dumi, illarsa a bude yake, na kusa da kai a dakin hostel zai ji abin da kake ji kuma karar janareta za ta shigo maka. Manyan masu rufe kunne gaba daya irin na sutudiyo suna da dadi amma a zafinmu minti talatin kunne ya jike sharkaf, fatar roba da ke jikinsu ta fara barewa tana bar maka bakin gari-gari a kunne da wuyan riga, ni dai ban ga dalilin da dan Sakkwato mai kudi kadan zai fara da su ba. A ganina na cusawa mai igiya mai cirewa shi ne daidai da mu, ya toshe hayaniyar waje, ba caji, ba zufa, wanda wayarsa ba ta da rami kuma ya nemi 'yar mahadar USB-C ya jona.

Su kuma 'yan intanet masu cewa sai ka hada da amfilifaya, wato na'urar kara karfin sauti, da hedifon mai tsada irin mai ohm 300 kafin ka ce kana jin kida, da masu albashin dala suke magana ba da mu ba.

Abu daya da zan yarda da shi, wani lokacin laifin ba na iyafis ba ne kadai, wakar ce tun farko aka matse ta. Abin da aka kwafo daga bidiyo aka tura daga waya zuwa waya a 128kbps (ma'aunin matse waka ne, iya kankantar lambar iya matsuwar) ko kasa da haka, faya-fayan karfen nan su ne farkon lalacewa, sai ka ji suna wani irin zuuu kamar a cikin ruwa. A nemi 320 idan da hali. Amma ko wannan ma sai da iyafis na kirki za ka gane bambancin, a jabu duk daya ne. Kuma kar rubutun 20Hz zuwa 20kHz da ke bayan kwali ya rudi kowa, iyakar jin kunnen mutum ce kawai suka kwafa, kowa rubutawa yake, bai gaya maka komai game da yadda abin zai yi sauti ba.

Inda abin ya wuce maganar dadin kida ya zama cuta shi ne kunnen kansa. Yaron da bai jin jita saboda bes ya rufe ta me zai yi? Kara murya zai yi, ya kara ya kara har ya kure, yana neman abin da ba zai fito ba, ga shi a kan titi cikin karar babura da iyafis din da bai toshe komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan 1 na cikin hadarin rasa ji saboda irin wannan sauraren, kuma ma'auninta shi ne desibel 80 (desibel ma'aunin karfin kara ne) na awa 40 a mako ga babba, idan aka kai desibel 90 kuwa awa 4 kacal a mako. Kunnen da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa, karar nan wiii da wasu ke ji idan sun cire iyafis da dare gargadi ne ba wasa ba. Wato wanda ya sayar maka da wannan abu yana murmushi yana cewa shina da bes, ba kudinka kadai ya taba ba. Wannan ba ciniki ba ne, cin amana ne, kuma rashin sani ba uzuri ba ne ga wanda ya mai da abu sana'arsa shekara da shekaru.

'Yan kasuwarmu da ke zuwa sari Farm Centre a Kano da Computer Village a Ikeja, wasu ma har Chana suke oda, ba abin da zai gagare su su sako ko katan daya na masu igiya na kirki a cikin kaya, su ajiye daya a bude na gwaji. Mai saye kuma ya daina yarda a gwada masa da wayar yaron shago, ya zo da tasa wayar da wakar da ya haddace mai saurin ganga, ya sa murya a rabi ba a kure ba, idan bai iya bin jita daban da ganga daban ba ya ajiye musu kayansu ya wuce shago na gaba, ko da kuwa an rage masa rabin kudin.