Ko ƙwayar halittar jikinka an koya mata zama da babu

Assalamu alaikum 'yan uwa. A Suratuz Zariyat Allah Yana cewa "kuma a cikin kawunanku, shin ba kwa gani ne?" To dan Allah mu ɗan leƙa cikin namu jikin.

Duk furotin ɗin da ke jikinka, na tsoka ne ko na jini, da wasu ƙananan tubala da ake kira amino asid, iri 20, ake gina shi, kuma 9 daga ciki jiki ba ya iya ƙera su sai dai a ci a abinci. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan dako da ake ce ma tRNA, su ke ɗauko amino asid su kai wurin ginin. Ranar da wani iri ya yi ƙaranci sai ɗan dakon ya iso hannu rabbana, nan take wani furotin mai suna GCN2 zai gane, ya manna wa eIF2, furotin ɗin da ke tayar da aikin ginin, wata alamar sinadari da ake kira fosfet, shikenan ginin furotin gaba ɗaya ya ja baya, shi ma mTORC1, wani gungun furotin da ke ba da umarnin girma lokacin da amino asid irin su lusin da arjinin suka wadata, da sun yi ƙaranci sai ya yi shiru. Ƙwayar ba ta cigaba da facaka kamar ba abin da ya faru, mu ko samu ya ragu sai mu ci bashi dan kar mutane su gane.

Amma wallahi inda na fi jin tsoron Allah shi ne nan: a daidai lokacin da aka rage komai, akwai furotin ɗin da shi ƙaruwa yake, ATF4. Lokacin wadata saƙon da ke ɗauke da umarnin gina shi na nan amma kusan tsallake shi ake yi, sai matsi ya zo ake karanta shi sosai, ya shiga inda DNA yake ya kunna ƙwayoyin gadon da ke ƙera amino asid da masu jawo shi daga waje. Subhanallah, an ajiye mafitar tun kafin ƙuncin ya zo! Sannan ƙwayar ta koma kan tsofaffin kayan cikinta da suka lalace ta narkar ta sake amfani da su, binciken wannan ne a jikin yis ya sa aka ba Yoshinori Ohsumi ɗan Japan kyautar Nobel a 2016. Kai da ke cikin rashi yanzu, Wanda Ya tsara wa abin da ido ba ya gani wannan, kana zaton kai Ya manta da kai?

Sai dai kar mai hali ya karanta wannan ya ce ai talaka ya yi haƙuri kawai. Tsarin yana da iyaka fa. In matsin ya daɗe ba sauƙi, wannan ATF4 ɗin ne dai zai tayar da wani furotin mai suna CHOP, daga nan ƙwayar ta kama hanyar mutuwa. Yaron da ya daɗe ba ya samun abinci mai gina jiki girmansa tsayawa yake, tsokarsa ta zube, garkuwar jikinsa ta yi rauni har cutar da ba ta kai ta kawo ba ta kayar da shi. Kana da maƙwabcin da ka san ba a ɗora tukunya a gidansa ba, kar ka tura masa wannan rubutun, ka tura masa abinci tukuna, yau ba sai gobe ba.

Allah Ka yalwata wa waɗanda ke cikin ƙunci, Ka sa mu cikin masu ciyarwa. Amin.