Da Poirot zai sauka Maradi

Satin da ya wuce na sayi wani tsohon littafi wajen masu tallar littattafai bakin kogi a nan Lyon, Le Meurtre de Roger Ackroyd na Agatha Christie, wanda ya fito a Ingila a 1926, shekara guda bayan haka aka fassara shi da Faransanci. Kwana biyu na gama shi, rabi cikin metro rabi kan gado, kuma wallahi tunda na fara Maradi kawai nake gani.

Wani ɗan ƙauye ne King's Abbot, an tarar da attajirin garin cikin ɗakinsa an soka mai wuƙa, ga wata bazawara da ta sa wa mijinta guba wani ya gano yana ta tatsar kuɗinta har ta kashe kanta. Poirot kuwa, mai binciken laifi na littafin, ya yi ritaya yana noman kabewarsa aka jawo shi ciki. Ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba, ku nema ku karanta. Ni wadda ta fi burge ni ita ce Caroline, yayar likitan da ke ba da labarin, tana zaune gida amma labarin kowa na zuwa mata ta bakin masu aiki da mai kawo madara. Ai mun san irinta, kowace unguwa ta Maradi daga Bagalam har Zariya akwai tsohuwa ɗaya haka, 'yan talla ne jaridarta.

Amma fa a littafin kowa ɓoye nasa yake don kar a sani. Mu a gida an riga an sani, faɗi ne ba a yi. Ina yaro akwai wani Alhaji a layinmu da kasuwarsa ta goro ta karye, har 'yan fada masu shayi sun sani, amma da safe yana fitowa da babbar rigarsa ana Alhaji barka da asuba kamar ba komai. Bayan isha'i Inna za ta ɗora min kwano a kai ta ce ka bi ta ƙofar baya, kar ka tsaya gaida kowa. Na girma kafin na gane abin da nake ɗauka. Da Poirot ya zo ya tara mutane a zaure yana zayyano na kowa ɗaya bayan ɗaya, ai kafin la'asar an sa mai suna mai tonon silili, ko ruwa ba mai ba shi.

A nan kuwa shekara huɗu muna hawa ɗaya da wani mutum, sunansa a akwatin wasiƙa kawai na san shi. Ba mai tona maka asiri, ba kuma mai rufa maka, in ka karye kai da banki ne. Gaskiya na fi son namu.

Sai dai akwai shafin da na ajiye littafin na yi shiru. Na tuna wata gona bakin Gulbi ta wasu marayu da kawunsu ya cinye, dattijan unguwa kaf sun san iyakarta har da bishiyar da ke kan iyakar, ba wanda ya je gaban alƙali, wai kar a ɓata zumunci. Babban cikin yaran ajinmu ɗaya a lakwal, zuwana gida na ƙarshe shi ya ɗauko ni daga tasha a kabu-kabu.